Hannun da Malam Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta. Sunana Hauwa, ana ce min Kulu. 'Yar Roni ce ni, aure ya kawo ni Kazaure. Bayan na fita takaba na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa matan unguwarmu, kuma tun ranar da na fara riƙe fensir na ce in hannuna ya faɗa, jinyar maigidana zan fara rubutawa. Wata bakwai na yi ina fama. Ina so wadda Allah zai jarraba da irin wannan ciwo ta san abin da ke gabanta, tunda an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sannan kuma na gaji da yabon da ake min a gidajen biki, wai ga Kulu mai haƙuri.

Malam nake ce masa. Ma'auni ne, gero da dawa yake aunawa a kasuwar Kazaure, ran kasuwar Babura kuma ya bi mota ya je can, inda mutanen Nijar ke zuwa da sefa. A awo ba ya ha'inci, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Amma akwai shi da ji da kai. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan yaro, bai bar musu komai ba, don haka in ya yi magana uku, ta huɗu sai ya ce shi da hannunsa ya gina kansa, ba wanda ya ba shi ko ƙwayar gero. In ya ce “na ce,” to an gama, ko liman ne sai dai ya haƙura.

Gara in faɗi wani abu tun yanzu, kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya ce ke ba shi labari. Shekarar da aka samu mulkin kai, 'yata ta fari ta kamu da ƙyanda tana da shekara biyu. Da na ji numfashinta ya canja, na roƙi Malam ya bari a kai ta asibitin sha-ka-tafi da ke bayan kasuwa. Ya ce ba a haɗa ƙyanda da allura, kowa ya san haka. Na sake roƙo. Ya ce ai ya ce a'a. Kwana huɗu aka yi, aka fita da ita a tabarma. Ban taɓa tayar masa da maganar ba. Na ci gaba da girki, na haifa masa 'ya'ya maza biyu, na yi masa wanki shekara goma sha uku. Amma na yi wa kaina alkawari cewa ranar da zai nemi gafarata, ko yana gargarar mutuwa ne, ba zan ba shi ba. Mu je gaban Allah a yi ta a can. Da wannan a cikina na shiga jinyar nan.

Ciwon ya faro ne shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, shekarar farin nan da shanu suka yi ta mutuwa. Wata biyu yana kukan ciwon ƙeya da jiri. Sai ya sayi ƙwaya wurin masu talla ya kora da ruwa ya fita. Na ce ya huta, ya ce hatsi ya yi tsada, yanzu ne lokacin ma'auni. Duk mai jin ciwon ƙeya irin wannan, don Allah ya je a duba jininsa tun yana tafiya da ƙafarsa. Mu a lokacin ba mu taɓa jin wani abu wai hawan jini ba.

A Babura ya faɗi, da hantsi, kwanon awo a hannunsa. Abokan sana'arsa suka kwantar da shi a kan buhuna a bayan babbar mota suka kawo shi gida. Bakinsa bai karkace ba, maganarsa garau. Ƙafar hagu ce ta ƙi ɗaukarsa, sai jan ta yake. Wansa Alhaji, wanda gidansa ke jikin namu, ya duba ya ce da sauƙi, a shafa man shanu a riƙa gasawa da ruwan zafi. Na tura yaranmu can Roni wurin mahaifiyata, na zauna gashi safe da yamma.

Rana ta uku na kai masa tuwo. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya yanko loma da dama. Kafin ta kai baki, hannun hagu ya taso daga kan cinyarsa ya kaɓe ta. Ya sake yankowa, hagun ya ture kwanon, miya ta zube a tabarma. Na buɗe baki zan ce in ba ya so ai sai ya faɗa, sai na ga yadda yake kallon hannun, kamar akuyar maƙwabta ta shigo masa ɗaki.

“Kulu, ɗauke min hannun nan.”

Na ce wane hannu kuma?

“Wannan. Ba nawa ba ne.”

Na ce in ba nasa ba ne, na wa ne, aro ya yi? Bai yi dariya ba. Ya ce wallahi bai aike shi ba, kuma ya hana shi ya ƙi hanuwa.

Daga ranar gidan ya zama gidan mutum uku. Dama ta sa maɓallin riga, hagu ta ɓalle. Ya ɗora hula, hagu ta cire ta jefar. Ya ja bargo, hagu ta yaye. Wani lokaci hannun ya kwanta lumui rabin yini, mu ce Alhamdu lillahi, sai a ga yatsun sun fara tafiya a kan tabarma suna neman abin kamawa. In ya kama abu kuwa, sai an ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Alwala ta gagara, don ya tsiyaya ruwa hagun ya kifar da butar. Ni na koma riƙe masa buta.

A mako na biyu abin kunyar ya fita waje. Limamin unguwa ya zo dubiya, dattijo mai furfura. Malam ya miƙa masa dama suka gaisa, sai hagun ya zagayo ya cafke gemun liman. Ina leƙe ta bayan asabari. Liman ya yi ta cewa ba komai, ba komai, hawaye na zubo masa don zafi, Alhaji yana ɓamɓarar yatsu. Da a ce dama ce ta yi, da an ce gigin ciwo ne. Amma hagu, hannun da ba a ci da shi, ba a miƙa abu da shi, shi ne a fuskar liman. Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci cewa iska ce ta shige shi a hanyar Babura.

Alhaji ya aika garin Gwiwa aka ɗauko wani malami da ake cewa ya iya da mutanen ɓoye. Ya yi rubutu aka sha, ya yi hayaƙi har idona ya yi kwana biyu yana ruwa, aka yanka baƙin zakara. Sannan ya ce a ɗaure hannun a ƙugu da tsohon rawani, kada a kwance sai bayan kwana bakwai. Aka ɗaure. Hannun ya yi ta fizga kamar tunkiyar da aka kai sabon turke, har wuyan hannu ya sale, yatsu suka kumbura. Ran kwana na biyar na kwance ba tare da na tambayi kowa ba, don ya fara wari. Mai jinyar irin wannan, kada ki yarda a ɗaure. Ba shi abin riƙewa. Ni totuwar masara na damƙa masa wata rana don ya sakar min zane, sai na ga ya shagala da juya ta. Da ita muka samu ya riƙa cin abinci.

Masu shawara kuwa ba a magana. Wannan ta ce kitsen damo, waccan ta ce sassaƙen marke, wani ya ce sammu ne daga wani ma'aunin da suke kishin rumfa. Kowa ya faɗi tasa ya sha fura ya tafi, ni a bar ni da wanki.

Mako na huɗu, ina durƙushe ina wanke masa ƙafa, hannun ya saki totuwar ya shaƙe ni. Ba wasa ba, shaƙa ta gaske, sai da na ga duhu. Malam yana dukan hagun da damarsa yana kiran sunan Allah. Da na ƙwace na faɗi gefe ina tari, sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a shekarun aurenmu. Kuka yake. Zan faɗi gaskiya, ban ji tausayinsa ba. Abin da ya zo min shi ne, ashe abin da ke ransa ke nan, yau hannu ya tona.

Washegari wana Yaya Isa ya zo daga Roni ya ga sawun yatsu a wuyana. Ya ce shi bai yarda da zancen iska ba, mutumin nan ya san abin da yake yi, in haɗa kayana mu tafi. Na ce mutane za su ce na gudu na bar mara lafiya. Ya ce to a kai shi asibitin Kano, likita ya faɗa mana ko da saninsa ko babu, kuma shi zai biya mota. Alhaji ya ce iska ba ta jin allura. Aka tambayi Malam, ya gyaɗa kai kawai. Na sayar da akuyata ɗaya muka shirya. Ba don ya warke na matsa ba, Allah ya sani. So nake a gaya min ko da gangan ya shaƙe ni.

Ni da ba na wuce zaure sai da dalili mai ƙarfi, ni ce na ratsa tashar mota da rana tsaka, Malam ya dafa kafaɗata yana jan ƙafa. Mutumin da ya hana a kai 'yarsa bayan kasuwa, shi na ɗauka har Kano. Duk ramin da motar ta faɗa sai na tuna da haka.

Mun sauka gidan wata 'yar'uwar mahaifiyata. Da an idar da sallar asuba muke kama hanyar asibiti, mu tarar layin karɓar kati ya kai bakin ƙofa. Ga mutanen da fari ya koro daga arewa kwance a ƙasa da 'ya'yansu, ga masu tari, ga masu karaya. Mai ba da kati ya ba mutum goma ya rufe taga ya tafi karin kumallo. Mai ɗan'uwa a ciki ya zo da takalmi mai ƙara ya wuce mu. Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai, kuma lallai na ga sababbin motoci a titi, amma benci ɗaya na nema in zaunar da Malam ban samu ba. Rana ta farko ba mu samu kati ba. Ta biyu muka samu, aka ce likita ya tashi. Sai ta uku muka shiga.

Likitan ɗan Indiya ne, ba ya jin Hausa, wata nas 'yar Zariya ce ke yi mana tafinta. Ya naɗa wa Malam wani abu a damtse ya hura, ya girgiza kai, ya ce jininsa ya hau sosai, wata ƙaramar jijiya ce ta toshe a cikin kai. Yana cikin bayani hagun ya zare masa alƙalami daga aljihu. Maimakon ya ji haushi sai murna ta kama shi, ya kira wasu likitoci biyu suka zo suna kallo, kamar an kawo musu biri. Na ce wa nas ɗin ta tambaye shi abin da ya kawo ni: shin ya san abin da hannun ke yi, da nufinsa ne? Abin da ta mayar min har yau yana kunnena.

“Ya ce umarni yana zuwa wa hannun daga kai, kamar yadda ya saba. Abin da ya yanke shi ne hanyar da ke kai labari wurin da mutum yake cewa, ni na yi.”

Ta ga ban gane ba, ta ce wato ana aiki a gidan, maigida ne ba a sanar da shi. Malam ya ɗaga hannun dama ya dube shi.

“To shi wannan fa? Shi ma sanar da ni kawai ake yi?”

Nas ta fassara. Likitan ya yi dariya, ya ɗaga kafaɗa, ya rubuta magani, ya ce a hana shi gishiri da kanwa, mu dawo duk wata. Aka kira na bayanmu.

Na fito da amsata, ba da gangan ya shaƙe ni ba. Na zaci zan ji sanyi. Sai na ji kamar an ƙwace min wani abu.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Ƙwaya safe da yamma, gashi, wanki, tuwo lami. Mutumin da a da yake mayar min da kwano in gishiri ya gaza da kaɗan, yanzu ya cinye miya ba gishiri ba kanwa bai ce komai ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Masu dubiya suka ragu, daga goma zuwa biyu, daga biyu zuwa sallama ta kan katanga. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya tsattsage da sabulu. Duk wata mu hau mota zuwa Kano, mu bi layin nan, mu dawo a gajiye kamar an yi mana duka.

Shi kuwa Malam ya samu sabuwar sana'a. Ya zauna a rumfar tsakar gida yana gadin kansa. Ina tankaɗe ya kira ni, wai yanzu ƙuda ya sauka masa a goshi, hannun dama ya kore shi, sai daga baya shi ya sani. Wani yinin ya ce ya idar da salla daga zaune, harshensa ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba kuskure, alhali shi yana kasuwar Babura yana ciniki da wani Buzu, to wa ya yi karatun? Ya ce ya yi kwana uku yana dakon tunani don ya ga inda yake fitowa, ya lura bai taɓa aikawa a kira masa ko ɗaya ba, zuwa suke da kansu kamar masu saye, wani ya daɗe wani ya wuce. Har wanda ke ce masa “tashi,” shi ma zuwa yake. Na ce masa ni dai in tunanin ya zo da itace ya turo min shi.

Bai daina ba. Wata rana ya ce in tuna gidan biki bayan an watse, yadda kowa ke aikowa a ba shi tabarmarsa da tukunyarsa, gidan da jiya ya cika sai ka gan shi wayam. Ya ce haka ya zauna ya mayar da kayan aro. Murya ta mahaifinsa ce. Saurin fushi na mahaifiyarsa ne. Yadda yake tare hatsi da hannu a bakin kwano, na maigidan da ya koya masa awo ne. Gaskiyar da ake yabonsa da ita, bulalar malaminsu na allo ce. Ƙarfin jikin, geron gonakin mutane ne da bai san sunansu ba. Ya ce ya mayar wa kowa nasa, ya duba ko zai ga abin da ya rage wanda shi ne shi, wanda ya gina kansa da hannunsa, bai ga kowa ba. Kuma abin mamaki, wai tun da ya daina nema ya fi samun barci.

Liman, Allah ya saka masa da alheri, bai yi fushin gemu ba, yana zuwa duk Juma'a. Da ya ji irin maganganun nan ya ce Malam ya yi hattara, bawa yana da nasa zaɓin, kuma hisabi gaskiya ne. Malam ya ce bai musa hisabi ba, shi dai ya zagaya gidan ne ɗaki-ɗaki bai tarar da maigidan ba. Liman ya ce ya yawaita istigfari. Ya ce to.

Ni ba malama ba ce, ban san wa ya fi gaskiya a cikinsu ba. Abin da na sani shi ne na gano inda ya dosa. Hanya yake sharewa. Yau hannu ba nasa ba, gobe tunani ba nasa ba, jibi sai a ce bakin da ya ce a'a ma ba nasa ba ne, 'yata ta tafi a banza ba mai laifi. Na ce a raina, ka yi ta zagaye-zagayenka, ina nan a bakin ƙofa ina jiranka. Sau ɗaya dai na tsorata. Wata safiya na farga na tarar na share ɗaki, na wanke shi, na ba shi magani, na ɗora koko, duk ina Roni a zuciyata ina hira da mahaifiyata. Na tsaya da ludayi a hannu ina tambayar kaina wa ya yi aikin nan. Na yi a'uziyya na ce ashe ciwon nan ana ɗauka.

A wata na shida muka je Kano aka ce maganin ya yanke, mu dawo bayan mako biyu. Damina ta sauka, Malam ya ce a bari sai wata mai zuwa, ni kuma gajiya ta sa ban yi musu ba. Mako uku ya yi ba ƙwaya. Wata safiya ya tashi zai kewaya ya sake faɗuwa, daga nan bai ƙara tsayuwa ba. Wannan ma gargaɗi ne. Maganin hawan jini ba a hutawa da shi, ko mutum ya ji garau.

Kwanciya ta kawo nata. Gyambo ya fito masa a ƙugu da diddige, sai juyawa nake yi daga wannan gefe zuwa wancan sau shida a yini, kamar yadda nas ɗin nan ta taɓa koya min. Ban san sunanta ba, Allah ya ba ta aljanna. Yaya Isa, wanda ya ce in gudu, shi ya riƙa aiko da gero. Alhaji duk faɗansa shi ke ɗaga min shi in zan canja shimfiɗa, kuma bai taɓa toshe hanci ba. Matar Alhaji ta karɓe min daka. Ina gode musu, ina kuma cewa da sun yarda an tafi Kano tun makon farko, da wataƙila ba a kai nan ba.

Da Alhaji ya ga jikin ya yi nisa, ya tara mutane ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan'uwa da abokan kasuwa, don a yafi juna. Malam ya ce duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Kowa ya ce ya yafe, shi ma ya yafe musu. Sai Alhaji ya ɗaga murya ya ce, saura Kulu. Ranar da na yi shekara goma sha uku ina jira ke nan. Na ce daga bayan asabari miyata tana ƙonewa, na tafi madafa. Ko wuta ban hura ba. Alhaji ya biyo ni ya ce ke wace irin mace ce, mutum yana bakin kabari? Na sunkuyar da kai har ya gaji ya fita.

Ran Lahadi bayan la'asar ina ba shi kunu da cokali, ya kau da kai ya ce in ajiye.

“Ba zan ce ba ni ba ne. Bakina ne ya faɗa, ni za a tambaya. Amma ina so ki san yadda aka yi.”

Ya ce safiyar da ya hana a kai 'yarmu asibiti, ya ji numfashin yarinyar tun daga ɗakinsa. Ya dawo daga masallaci da niyyar ya ce in goya ta mu tafi, har ya shirya kalmomin a hanya. Yana shigowa na riga shi magana. Sai ya ji bakinsa ya buɗe, maganar mahaifinsa ta fito, kalma da kalma, har da gyaran muryar da tsohon ke yi, irin wadda ya faɗa wa mahaifiyarsu ranar da ƙaninsu ya yi ƙyanda. Da na sake roƙo, ya ji ba zai iya janyewa a gaban mace ba.

“Shekara goma sha uku ina ce wa kaina ni na yanke, don gara in zama mugu da in zama ba kowa ba. Yanzu na duba, Kulu. Zainabu ta tafi a kan maganar mutumin da ya mutu tun ba a haife ta ba, shi ma ban san daga wa ya karɓo ba.”

Tun ranar da aka raɗa mata suna, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa ko a bakina. 'Yar fari ce, kunya ba ta bari. 

“Ban ce ki yafe ba,” in ji shi. “Wannan ma ba a hannunki yake ba. In ya zo, ya zo.”

Na yi niyyar in zage shi. Na tanadi maganganu na shekara da shekaru, kowace na goge ta ta yi kaifi. Da na buɗe baki, ba su suka fito ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ne ya fito, wanda ni kaina na daina gaya wa kaina.

Washegarin ranar da ya hana, kasuwar Babura ce ke ci, ya tafi tun da sassafe. Gidan ba kowa. Na goya yarinyar, jikinta kamar garwashi a bayana, na yafa mayafi na fito har bakin zaure. Daga nan ana hango rufin kwanon asibitin, tafiyar da ba ta kai a tafasa ruwa ba. Sai na ga tsofaffi biyu zaune a ƙofar gidan da ke kallon namu suna kaɗi. Na san abin da za su ce. Ga marar kunya ta fito titi tana rawar jiki a kan 'yar fari, kamar a kanta aka fara haihuwa. Ban yi shawara ba. Ban ce bari in koma ba. Ƙafafuna ne suka juya, na tsinci kaina a ɗaki ina kwance goyo. Ba wanda ya tsare ni, Malam yana Babura. Kwana uku ta ƙara yi, kuma kullum ƙofar nan a buɗe take.

Na gama faɗa ina haki kamar na yi gudu. Duk shekarun nan na ɗora masa kayan gaba ɗaya ne don nawa rabin ya fi ƙarfina. Hawaye na gangara wa Malam cikin kunne. Hannun hagun yana can yana tsinkar zaren bargo, ba ruwansa da mu. Kunun ya huce, na tashi na ɗumama.

Washegari maganarsa ta ɗauke. Ido kawai yake bina da shi. Na ce to yanzu zan faɗa, in huta shi ma ya huta. Na zauna a gefensa na buɗe baki, abin ya ƙi fitowa. Na sake gwadawa da azahar, na sake da magariba. Kalma biyu ce, na san su, ina son in faɗe su, amma ba su zo ba. Kwana biyu ina haka.

Ran Laraba da safe aka kwana ana ruwa. Na shiga in juya shi. Na sa hannu ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙugu, zuciyata tana kan itacen da ya jiƙe da yadda zan hura wuta, sai na ji bakina ya ce, “Na yafe, Malam. Ni ma ka yafe min.” Na tsaya ina sauraron abin da na faɗa. Sannan na lura nauyinsa ya canja a hannuna. Jikin da ɗumi, amma ƙirjin ba ya motsi.

Na kira Alhaji ta kan katanga. Ya zo ya duba, ya shafe masa ido, ya ce ya cika. Na tambaye shi tun yaushe, yanzu ne ko ɗazu. Ya ce wannan sai Allah. Liman ya ce ko kafin ne ko bayan, yafiyar ta isa inda za ta. Na karɓi maganarsa. Amma ni dai ban san ko ya ji ba, kuma ban san wadda ta faɗa ba.

Allah ya jiƙan Malam. Allah ya jiƙan Zainabu.